Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Jakar da Baba Bai Ƙarasa Ba

A makon jiya na tsaya a ranar da muka dawo da Baba daga asibiti, hannunsa na dama ya daina riƙe basillar da yake ɗinka jakunkunan fata da ita. Bai daɗe ba bayan nan, a farkon 2020, Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Ba mu gama share hawaye ba sai ga korona. A watan Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annoba, aka rufe kasuwanni, masu sarin da ke zuwa kwasar jakunkuna da walat suka ɗauke ƙafa. Ɗakin aiki ya rage daga ni sai Yaya, sai Mama da ke zama bakin ƙofa ba ta cewa komai.

A kan teburin Baba akwai jakar wata mata da ta biya rabin kuɗi tun kafin ya kwanta. Ya ɗinke gefe ɗaya, ɗayan ko hudawa bai yi ba, maratayi kuma bai yanka ba. Kullum in na zo shara sai in ɗaga ta, in goge ƙarƙashinta, in mayar.

Ɗinki ba shi ne matsalarmu ba. Yaya ya iya ɗinkin allura biyu tun yana yaro: zare ɗaya da aka murza da kakin zuma, allura a kowane baki, duka biyun su ratsa huda ɗaya. Ko zaren ya tsinke a wani wuri, sauran ba ya warwarewa kamar na keke. Yanka ne ya gagare mu, don Baba bai taɓa barin kowa ya sa wa fata wuƙa ba. Shafa ta yake yi da tafin hannu, ya ja nan ya ja can, ya yanka. Ranar da Yaya ya gwada, daga wajen cikin dabbar ya fitar da maratayi, inda fata ke da laushi. Muna rataya kaya ya miƙe kamar danƙo. Kirgi guda muka lalata kafin mu gane cewa ƙarfin fata a gadon baya yake.

Daren nan ne ya ce, "Auta, mu koma fatar roba. Ta fi araha, ko'ina ka yanka ɗaya ne, keke ya ɗinke goma a yini."

Na ce, "Yaya, wadda ke saɓulewa tun ba a je ko'ina ba? Da sunan Baba za mu sayar?"

Ya ce, "Sunan Baba zai biya wa yarana kuɗin makaranta?"

Na yi shiru. Har yau ban ga laifinsa ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa makonni take ɗauka wurin majema, ga tsada, ga shi babu mai saye. Mai iyali dole ya yi wannan lissafin.

Da safe Mama ta shigo da wani tsohon akwati ta dire a gabanmu. Cike yake da kwalayen da Baba ke yankawa idan zai fitar da sabon samfuri. Shi da ya gama sai ya yar, wai ai yana kansa. Ashe shekara da shekaru tana bin bayansa tana tsincewa. A jikin kowanne akwai 'yar kibiya da biro, mai nuna inda gadon baya zai fuskanta. Yaya ya ɗauki na maratayi ya daɗe yana kallo, sannan ya fita waje. Na ji kukansa, ban bi shi ba.

Kwana tara muka yi a kan jakar. Da aka sassauta dokar kulle matar ta zo. Ta juya ta, ta bi ɗinkin da yatsa har inda tazarar hudar ta ɗan canza, ta ce, "Nan Malam ya tsaya?" Muka ce nan ne. Ta cika kuɗinta, ta ce a yi wa 'yarta irinta.

Hoton jakar nan shi na fara sawa a WhatsApp. Yadda saƙon kayanmu na farko ya ɓace a hanya kuwa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.