Ɗan wasan da ke cin amanar abokinsa a kan dandamali

Shekara da shekaru ina taimaka wa wata ƙungiyar matasa a Aboabo, nan Kumasi, wajen shirya wasan kwaikwayon da muke nunawa bayan Sallah, kuma na ga halaye iri-iri da ke zubar da mutuncin wannan sana'a. Akwai mai zuwa gwaji a makare, kullum yana fakewa da cunkoson Kejetia, alhali sauran ma ta can suka biyo. Akwai mai latsa waya a bayan labule har lokacin shigarsa ya wuce. Waɗannan da faɗa da haƙuri suna gyaruwa. Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗan wasan da zai watsar da abin da aka gwada, ya kama nasa, don kawai a yi masa tafi.

Bara mun yi wasa a kan yaron da ya bar makaranta ya tafi haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, wadda ake kira galamse. Yarinyar da ta fito a matsayin uwarsa ta yi makonni tana haddace wurin da za a kawo mata labarin cewa rami ya rufta da ɗanta. Ranar wasa, sai mai kawo labarin ya shigo yana ɗingishin ƙarya, ya juya harshe zuwa Tonanci, yaren Asante, ya shiga barkwanci. Ɗaki ya kaure da dariya, wasu suka hau yi masa liƙi, ita kuwa ta tsaya tana jiran kalmarsa ta ƙarshe, wadda ba ta taɓa zuwa ba. Mai kallo bai san cewa kowane ɗan wasa da ƙarshen maganar abokinsa yake gane lokacin tasa maganar ba, kuma mai kula da fitila ma ita yake saurare kafin ya rage haske. Da aka cire kalmar nan, mutum biyu aka bari a tsaye ba madafa, kuma mutuwar yaron, wadda dominta aka rubuta wasan gaba ɗaya, ta wuce cikin shewa.

Da na kira shi gefe, cewa ya yi: “Malam, ai jama'a sun ji daɗi, kuma haka 'yan konsat fati suke yi.” Na ce masa: “Ɗana, ka ji labarinsu, amma ba ka ji shi duka ba.” Gaskiya ne 'yan konsat fati, wato masu wasan barkwanci da kiɗa na Ghana, irin su Bob Johnson da ƙungiyarsa ta Axim Trio, tun a shekarun 1930, suna ƙirƙirar magana nan take. Sai dai sun daɗe suna yawo gari-gari tare, kowa ya san inda labarin ya dosa, kuma idan ɗaya ya yi ƙari yakan bar wa ɗan'uwansa ƙofar shiga.

Laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. Mu masu ba da umarni muna tsoron ajiye wanda ke jawo 'yan kallo, shi ya sa muke kau da kai, har ƙanana su ɗauka cewa suna ya fi horo. Ga shi kuma muna burin wasanninmu na Hausa su fita daga ɗakin taron unguwa, su hau dandamalin Cibiyar Al'adu ta Kumasi, ko na Gidan Wasan Ƙasa da aka buɗe a Akra a 1992, inda ake kama ɗaki da kuɗi kuma kowane minti yana da lissafi.

Bana mun yanke cewa ba liƙi sai an rufe labule, kuma wanda ya tsallake gwaji sau uku ya rasa matsayinsa, ko shi wane ne. Yarinyar dai na je gidansu sau biyu, har yanzu ba ta amsa mini cewa za ta dawo ba.