Umarar azumi bata sauke maka Hajji

Duk shekara da Sha'aban ya raba sai zancen Zango ya koma na tafiya Umara, wane ya biya, wance zata tafi goman ƙarshe, ejan kaza yafi ejan kaza sauƙi. Wallahi ina murna da wannan, don da can a Kumasi in mutum ya taka Makka sau ɗaya a rayuwarsa to ya gode Allah, yanzu kuwa 'yan kasuwar Kejetia da matasan Aboabo da Asawase duk suna zuwa. Amma akwai wata magana da take yawo tare da murnar nan tana damuna, wai ai Umarar azumi daidai take da Hajji, wanda yayi ta ya sauke farali. Naji ta a cikin trotro, motar hayarmu, naji ta a gidan suna, naji ta har a bakin mutanen da nake ganin girmansu. 'Yan'uwa bata sauke ba fa.

Hadisin kam ingantacce ne, babu mai ja. Wata mata ce 'yar Madina bata samu zuwa Hajji tare da Manzon Allah (SAW) ba, raƙuma biyu garesu, maigidanta da ɗanta suka hau ɗaya suka tafi, ɗayan aka bar shi yana ban ruwa a gona. Da Annabi (SAW) ya dawo sai yace mata in Ramadan yazo tayi Umara, don Umara a Ramadan tana daidai da Hajji. Lada ake nufi, kuma malamai sun haɗu a kan haka. Kamar dai yadda Ƙulhuwallahu take daidai da sulusin Alƙur'ani amma ba wanda zai karanta ta ƙafa uku ya tara mutane yace yau walimar saukarsa.

Na gane abinda yasa mutane suke haɗa su, don farkonsu iri ɗaya ne sak. Mu da ake fara kaimu Madina, a Zulhulaifa muke ɗaukar harami, wurin da direbobi suke ce wa Abyar Ali, kayi wanka ka ɗaura farin gyauto ka yafa ɗaya, mata kuma cikin kayansu na sutura, ayi niyya a kama Labbaika. Daga nan abinda aka hana mai Hajji an hana mai Umara, ba turare ba yanke farce ba aski ba kusantar iyali, namiji baya rufe kai baya sa ɗinkakken kaya. Ɗawafi bakwai ne a dukansu, ka fara daga Hajarul Aswad Ka'aba tana hagunka, raka'a biyu a bayan Maƙamu Ibrahim, sannan Safa da Marwa bakwai, ka fara a Safa ka ƙare a Marwa. Tsakaninsu kamar mita 450 ne, kaga in ka haɗa ya haura kilomita 3 kenan, a kan tayil mai sanyi ba takalmi, inda koren fitilu suke maza su ɗan sassarfa, kuma a zagaye na biyar zaka ga tsofaffinmu sun fara dafa bango suna tsayawa wurin Zamzam. Ka gama ka fita wajen masu aski, cikin minti kaɗan an kwashe maka kai tas, mace ta ɗan rage bakin gashinta. Umara ta ƙare kenan. In ba cunkoso awa uku ko huɗu sun isheka, kuma kusan kowane wata na shekara kana iya yinta.

Inda Umara ta tsaya, Hajji ko rabi bai kai ba. Shi yana da ranakunsa da ba'a matsar dasu don kowa. Ran 8 ga Zulhajji a fita Mina, ran 9 a wuce Arfa, kamar kilomita 20 daga Makka, kuma nan ne zuciyar abin gaba ɗaya, Annabi (SAW) da kansa yace Hajji shine Arfa. Wanda Arfa ta wuce shi to Hajjin bana ya wuce shi ko da yayi ɗawafi ɗari, kuma mu Malikawa sai ka kai har bayan faɗuwar rana kana cikin iyakarta. Ni dai ban taɓa ganin abu irin yammacin Arfa ba. Zafi ya fara sauka, surutu ya mutu a cikin tantuna, kowa ya nemi gefe ya ɗaga hannu, dattijon da ke kusa dani wanda tun Madina bai cika magana ba sai gashi yana kiran sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya hawaye na bin gemunsa. Mai Umara baya zuwa wurin nan ko kaɗan, in ma yaje ziyara ce, ya ɗauki hoto a gindin dutse ya koma mota.

Daga nan sai Muzdalifa, a haɗa Magariba da Isha'i a kwanta a ƙasa a fili, mai kuɗi da talaka kowa da 'yar tabarmarsa, kana tsintar tsakuwa da hasken waya kana zubawa a robar ruwa. Gari ya waye ranar da ku a gida kuke Sallar Layya, alhazai suna kan hanyar jifan shaiɗan, tsakuwa 7 ranar farko, sai yanka, sai aski, sai ɗawafin Ifada, a sake komawa Mina a kwana ana jifa 21 kullum. Wanda ya fita ran 12 ya jefa 49, wanda ya ƙara kwana 70. Duk wannan babu ko ɗaya a Umara.

Hukuncinsu ma ba ɗaya ba. Hajji rukuni ne cikin biyar ɗin Musulunci, wajibi sau ɗaya a rayuwa ga mai iko. Umara a wurin Imamu Malik sunna ce mai ƙarfi, Shafi'i da Ahmad suka ce wajiba ce sau ɗaya, amma ko su basu ce tana tsayawa a madadin Hajji ba. Shi Annabi (SAW) Umara huɗu yayi, ta Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan Hijira da aka tare su, ta ramuwa a ta 7, ta Ji'irana a ta 8, da wadda ya haɗa da Hajjinsa a ta 10, Hajji kuwa bayan Hijira wannan ɗayan ne kawai. Kuma yawancin alhazanmu na Gana Tamattu'i suke yi, su fara da Umara su kwance harami su zauna har ran 8 su sake ɗaurawa sannan su bada hadaya, wato wanda yaje Hajji ya samo biyun, wanda yaje Umara ɗaya ya samo.

Nasan maganar kuɗi ce a ƙasan komai. A 2024 kujerar Hajji ta kai sidi 75,000, a 2025 aka sauko da ita 62,000, har yanzu ba ƙaramin abu bane ga mai sayar da koko ko mai ɗinki. Tsohuwar da 'ya'yanta suka yi karo-karo suka kaita Umara don abinda suka iya kenan, wallahi ba mai ce mata komai sai barka, Allah bai ɗora mata abinda bata iya ba, kuma Umara zuwa Umara kankarar zunubi ce. Da wanda nake magana shine ɗan'uwan da yake tafiya azumi bayan azumi, yana kama otal kusa da Harami a lokacin da yafi tsada, amma bai taɓa tsayuwar Arfa ba. Malam, haɗa kuɗin tafiyoyin nan ka gani, ai sun biya maka kujera tuntuni. Ka haƙura da ta bana, ka shiga adashi in ya kama, ka sauke wanda ake binka.

Kar kuma wani ejan ya ruɗeka da cewa ka shiga da bizar Umara ko ta ziyara ka laɓe har lokacin Hajji. A 2024 mutum sama da 1,300 suka rasu a zafin nan, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mafi yawansu marasa izinin Hajji ne, ba tanti ba mota, suna tafiya a ƙasa cikin rana. Ka bi ta hukumar alhazai, ka karɓi rasit ɗinka, ka tashi ta Tamale ko Ankara (Accra) tare da jama'a da likitocinsu.