Asabar a gindin Zugspitze

Yatsuna har yanzu zogi suke yi, amma ina so in rubuta wannan kafin barci ya ɗauke ni.

Ina idar da sallar asuba na kama jirgin ƙasa daga Munich zuwa Garmisch-Partenkirchen, daga can na wuce Grainau, ƙauyen da ke gindin Zugspitze, dutsen da ya fi kowane tsawo a Jamus, mita 2,962. A jakata akwai ɗan jirgin nan mara matuƙi da na saya wata biyu da suka wuce, DJI Mini, mai nauyin giram 249. Kafin yau a filin ƙwallo kaɗai na taɓa tayar da shi. Rajista da inshora na gama da su tuni, don a nan komai ƙanƙantarsa, muddin yana da kyamara, sai an yi. Jiya da dare kuma na duba taswira na kauce wa dazuzzukan da aka keɓe wa namun daji. Dabbar da ke fama da yunwar hunturu, bai kamata in zo in firgita ta don hoto ba.

Na sami wani fili a bayan gari, fari fat, ba sawun kowa. Na shimfiɗa ɗan faifan sauka, na tayar da jirgin.

Batirin farko a aljihun jaka na waje ya yi tafiyar, sanyi ya gama ratsa shi. Ina kallo cajin ya riƙa zuba kamar ruwa a kwando, rimot ya fara kuka, gabana ya faɗi. Na juyo da shi, ga iska a sama ta fi ta ƙasa ƙarfi. Da ya zo sauka sai ya yi ta tangaɗi, domin idanun da ke cikinsa suna neman wata alama a ƙasa su riƙe, ita kuwa dusar ƙanƙara duk iri ɗaya ce. Alhamdu lillahi ya dira a kan faifan. Sauran batiran biyu na cusa su cikin rigata, a kan ƙirji, suka sha ɗumin jiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoton. Idona na ganin fari mai ɗaukar ido, allon waya na nuna mini toka. Ashe kyamara in ta ga fari ya cika mata ido, sai ta ɗauka haske ne ya yi yawa, ta rage. Na ƙara hasken da hannu kusan mataki ɗaya, na sa baƙin gilashin nan da ake kira ND a bakin kyamarar, na tsayar da ita a hoto 25 cikin daƙiƙa. Nan take dutsen ya koma yadda Allah ya yi shi, har shuɗin inuwar da ke cikin kwazazzabai ya fito.

Da safe duk garaje na yi ta yi, juya nan, juya can, na kallo ma sai ya sa mutum jiri. A batiri na uku, wajen ƙarfe uku, rana ta yi ƙasa, na bar duk wannan. Na ɗora yatsa a kan sanda ɗaya kawai, na bar shi yana hawa a hankali. Dogayen itatuwa suka sunkuya, rufin gidaje suka bayyana da hayaƙinsu, can sai ga ƙirjin dutsen ya cika allo, rana ta shafa masa ja. Na tsaya kafin mita 120 da doka ta yanke. Daƙiƙa 40 ne duka, kuma su kaɗai zan ajiye.

Na zare katin ajiyar hotunan tun a waje, na zuge jakar, don kada raɓa ta kama jirgin in na shiga ɗumi. A jirgin ƙasa na tura wa Inna a Katsina. Ba a jima ba ta kira.

"To kai kana ina a cikin farin nan?"

"Inna, ki duba ƙasa ta hagu, ɗan baƙin ɗigon nan."

Ta yi shiru, ina jin tana maimaita kallo. Sai ta ce in sha shayi mai citta kafin in kwanta. Ga shi nan a gefena, ya fara hucewa.