Wanda ruwa ya ci, me ba zai faɗa ba?

Har yau Amurkawa na cacar baki kan azabar ruwan da hukumar leƙen asirinsu, CIA, ta yi wa waɗanda ake zargi da ta'addanci bayan harin 11 ga Satumba na 2001. A ɗaure mutum kan katako, kai ƙasa, a rufe fuskarsa da ƙyalle, a kwarara ruwa har daƙiƙa 40. Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin, sau 183 aka yi masa. To wanda numfashi ya ƙwace wa ai ko me kake so zai faɗa. Rahoton Majalisar Dattawa na 2014 ya nuna ƙarairayi Khalid ya yi ta shararawa, jami'ai na bin sawun iska.

Sauraron wayar mutane a asirce kuwa, dokar leƙen asiri ta FISA ta 1978 ta ce sai da izinin kotu. Bayan harin, Shugaba George W. Bush ya sa hukumar tsaron ƙasa ta NSA ta tsallake dokar a ɓoye, sai 2005 jaridar New York Times ta fasa ƙwan.