Kwana Biyu a Birnin Fas

Kwana uku ke nan da dawowarmu Rabat, babban birnin Maroko inda muke karatu, amma har yanzu in na buɗe jakata warin fata ke fara tarbata. Mu huɗu muka yi tafiyar: ni, da abokin ɗakina ɗan Damagaram, da wani ɗan Senegal, da ɗan Indonesiya da muke ajin nahawu tare. Mun daɗe muna sa rana muna ɗagawa, sai da zangon karatun ya raba tsaka muka ga in ba mu tashi ba, haka za mu koma gida ba mu ga Fas ba. Ranar Juma'a da hantsi muka hau jirgin ƙasa, tafiyar kusan awa uku ta Maknas.

Tun a tasha muka ci karo da dokar garin. Ƙananan tasi na Fas jajaye ne, na Rabat shuɗɗa, kuma ba mai ɗaukar fiye da mutum uku. Ɗan Damagaram ya yi ta lallashin direba, "Haba ɗan'uwa, ɗalibai ne mu, ai sai mu matsu." Mutumin ya ce ko 'ya'yansa ne ba zai ƙara ba. A Kano Adaidaita Sahu ɗaya ta ishe mu har da kaya. Dole muka rabu biyu.

A ƙofar Bujulud, mashigar tsohon gari, mota ke tsayawa, ƙofar nan mai shuɗin ado ta waje, kore ta ciki. Daga nan sai ƙafa. Lunguna ne wani na haifar wani, wasu ko mutum biyu ba sa jerawa. Ina tsaye ina kallon wani shago na ji an daka tsawa, "Balak! Balak!" Kafin in waiga, alfadari ɗauke da tukwanen gas ya goge ni ya wuce. Samari kuma suka sa mu gaba, kowa na cewa hanyar da muka bi a toshe take, mu zo ya nuna mana wata. Ƙarya ce, lada suke nema, kuma wannan hali ya ɓata mini rai ƙwarai a gari mai daraja irin wannan.

Bayan la'asar ɗan Senegal ya ja mu zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, kabarinsa na nan ciki. Mun tarar ana zikirin Juma'a, baƙaƙen fata kusan sun fi 'yan gari yawa. Ina neman takalmina a bakin ƙofa na ji an ce, "Yaro, matsa mini in wuce." Hausa tsantsa! Wani dattijo ne da ya zo ziyara daga gida. Na durƙusa na ce, "Baba, barka da yamma." Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana tambayata unguwarmu. Bai bar mu ba sai da ya kai mu masaukinsa, mai gidan ya fito da ƙaton akushin kuskus da nama da kabewa, ga shayin na'a-na'a. Muka ciro kuɗi, mai gidan ya ɓata fuska ya ce baƙon Shehu ba ya biyan abinci a gidansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne majemar Shuwara da muka je ranar Asabar. Ta benen masu shagon fata ake hawa a leƙa ƙasa, a bakin matakala su miƙa maka reshen na'a-na'a ka toshe hanci. Ni ban karɓa ba, don kakana baduku ne, a cikin wannan warin na tashi. Ramuka ne jere kamar na marinar Ƙofar Mata, wasu farare inda ake jiƙa fata, har da kashin tattabaru don ta yi laushi, wasu ja, wasu ruwan ƙasa, majema tsamo-tsamo a ciki har cinya. A gida toka da bagaruwa na sani. Na tuna yadda ayari ke kwasar fatar jar akuyar Sakkwato ya ratsa Sahara da ita, Turawa su saya su ce fatar Maroko. Ga su nan sun riƙe sana'arsu, baƙi na tururuwa daga ko'ina, mu kuwa tamu sai ja da baya take yi, ganda ma ta ishi fatun shanunmu. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

A shagon na ga takalmin fata rawaya mai tsinin baki da suke kira balga. Mai shi ya ce dirhami 300. Na lanƙwasa shi, na duba ɗinkin, na shinshina, na ce 80. Ya dafe ƙirji kamar na zage shi. Na juya zan sauka, ya biyo ni har matakala, muka daidaita a 120. Ɗan Indonesiya bai iya tayi ba, duk abin da aka faɗa sai ya ciro kuɗi, daga ƙarshe ni na riƙe masa walat.

Mun yi azahar a masallacin Ƙarawiyyin da Faɗimatu al-Fihriyya ta gina a 859, muka leƙa makarantar Bu Inaniyya. Da yamma muka hau tudun kaburburan Banu Marin, gidan sarautar da ya taɓa mulkin Maroko, kiran sallar magariba ya tashi daga kowace kusurwa lokaci guda.

Lahadi ƙafafu sun yi tsami. Muka karya da bisara, faten wake mai man zaitun, muka kama jirgin rana. Takalmin na naɗe shi a jarida, na mahaifina ne.