Motar hannu a Kaduna: abin da nake gaya wa masu zuwa wajena

Ni sana'ata sayar da motocin hannu ce, ɗan fili gare ni a gefen Kawo, da yara biyu masu wanke motoci da wani bakanike da nake kira in an kawo sabon kaya. A da Beljiyam, wato motocin hannu na ƙasar waje, muke saukewa daga Kwatano, to tun da aka hana shigo da mota ta bodar ƙasa a farkon 2017 sai ta Legas, ga kuɗin kwastam ga dala ta haukace a 2023, yanzu kam yawancin abin da ke filina waɗanda aka hau ne a nan gida.

Mutum zai zo da kuɗinsa cif-cif yana so ya zuba su duka a kan mota ɗaya, nakan ce masa Alhaji dan Allah ka rage wani abu a aljihu, domin tsohuwar mota ko ta fi kowacce lafiya sai ta nemi baƙin mai da taya da gyaran ƙafa a watan farko, hanyoyin cikin unguwanninmu ba sa raga wa shokozoba. Kuma kafin ka ƙyalla ido a kan fenti ka tambayi kanka, in wani abu ya lalace zan samu a kasuwar kayan gyara ta Fanteka? Shi ya sa nake tura masu ƙaramin ƙarfi wajen Corolla ta 2003 zuwa 2007, ko Vibe da injinsu ɗaya ne, sarƙar tayimin gare shi ba bel ba, ba ya shan mai sosai, kowane bakanike ya san shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu neman silinda shida sun ragu ƙwarai. Fijo 406 kuwa tamu ce, a Kakuri aka riƙa haɗa ta, daɗin hanya ba a magana, amma tana son mai kula da bel ɗinta da ruwan lagireto, in ka yi sakaci injin ne zai tafi.

Mota da safe ake duba ta, injin da sanyinsa, a tada a ga kalar hayaƙi, in shuɗi ne tana cin baƙin mai. A ɗaga kafet a shinshina, akwai waɗanda ambaliya ta ci a Amurka aka busar aka turo mana, wayarin ɗinsu ba ya taɓa zama daidai. Lambar mita mai nuna nisan tafiyar da mota ta yi kam kar ta ruɗe ka, ana juya ta.

Takardu ne ba na wasa da su ko kaɗan, lambar shasi ta jikin mota dole ta zo daidai da ta takardar kwastam, in ba haka ba wallahi ko nawa ribar ba ta kwana a filina, na ga bawan Allah da aka ƙwace wa mota a hanyar Abuja da iyalinsa a ciki. In an gama ciniki a rubuta yarjejeniya da shaidu, a je a canza suna a satin, kar a ce sai an samu sarari.