Daren Laraba a gidanmu

Ƙarfe ɗaya na dare maƙwabciyarmu ta buga mana ƙofa, ido a kumbure, goyo a baya, ko takalmi babu. Ba yau aka fara ba. Sau uku ana kai maganar gaban iyaye, kullum amsar ɗaya ce: "Ki yi haƙuri, 'yar nan, zaman aure ke nan."

Da gari ya waye muka kai ta asibiti. Likita ya rubuta rahoto, muka ɗauki hoton raunukan. Wata lauya daga FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata da ke tsaya wa marasa galihu kyauta, ta ce mu riƙe takardar nan gam, domin ita ce hujja.

Ita ta bayyana mana dokar VAPP, wato dokar hana cin zarafin mutane, da Jonathan ya sa wa hannu a 2015, wadda mu nan Kaduna aka amince da tamu a 2018. Kotu na iya ba da umarnin hana mijin kusantarta. Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne batun kotun shari'a: a mazhabar Malikiyya, idan mace ta tabbatar ana cutar da ita, alƙali zai iya raba auren ba tare da ta biya hul'i ba. Wallahi duk shekarun da na yi a Islamiyya, na ɗauka dole sai ta mayar da sadaki.

Yanzu tana ɗakin Inna tana barci. Litinin za mu kotu, in Allah ya yarda.